Kakana da Ya Fi Kowa Iya Mutuwa

Har yau, da zarar mutum ya ji cewa ni jikar Malam Lurwanu ce, sai ka ga ya washe baki. "Kai, Allah Ya jiƙan tsoho, ya ba mu dariya!" Ni kuwa ba na taya shi. Nakan ce amin in kau da kai, don in na buɗe baki abin da zai fito ba mai daɗin ji ba ne. Wasu suna cewa Safiya girman kai gare ta. Su yi ta faɗa. Ba su san abin da dariyar nan tasu ta jawo mana ba, kuma yau na ga damar faɗa.

Gidanmu yana Gyadi-Gyadi, can cikin lungu, inda adaidaita sahu ba ya shiga sai dai ya sauke ka a bakin kwata ka ƙarasa da ƙafa. A nan na tashi a hannun kakata, wadda muke kira Iya, domin iyayena suna Kaduna wurin aiki. Sana'ar Iya ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Da an idar da sallar magariba sai ta hura murhu a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta kama suyar gyaɗar gobe. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta sai mu kewaye ta, wai taya ta aiki muke yi, alhali kowa jira yake ta juya ya dumbuzi mai zafi ya cusa a aljihu. Ta san halinmu sarai. Ludayin da take juya gyaɗa da shi, da shi take ƙwala wa ɓarawo a bayan hannu, ba tare da ta ko waiwayo ba. Hayaƙi ya cika mana ido, ƙamshin gyaɗa ya kama kayanmu har makaranta, amma ba mai tashi, saboda tsakanin magariba da kiran isha'i lokacin tatsuniya ne.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta buga ludayi a gefen kasko sau biyu ta ce, "Ga wata nan tafe, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri!" In ta gama sai ta ce, "Nan ta zube kayanta. Wanda barci ya sace, ya tambayi murhu da safe."

A gefe guda, a bakin ƙofar ɗakinsa, kakana yana kishingiɗe a tabarma da 'yar rediyonsa a kunne, yana yi kamar ba ya jin mu. Mu Baba Malam muke ce masa. A gari kuwa ba shi da tsayayyen suna a bakin mutane, sai dai sunan abin da ya fito a fim na ƙarshe.

Ba da fim ya fara ba. Masinja ne a wani ofishin gwamnati, yana kwaikwayon manyan wurin a bayan idonsu. Rannan babbansu ya shigo ya tarar da shi yana tafiya irin tasa, yana gyaran murya irin tasa, ƙananan ma'aikata suna ta faɗuwa don dariya. Kowa ya ce yau aikin Lurwanu ya ƙare. Sai mutumin ya ce ya sake yi ya gani, ya yi dariya har da hawaye, ya haɗa shi da masu wasan kwaikwayo na rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan zamanin kaset ya zo, faifai ya biyo baya, duk yana ciki. Ya yi alƙali, ya yi ɓarawon akuya. Ya yi likita mai tabarau, ya yi mahaukacin bakin tasha, ya yi attajirin da ke kulle buhun shinkafa a ɗakin kwanansa. A sati guda ya taɓa fitowa liman a wani fim, boka a wani, har wata tsohuwa ta tare shi a hanya ta ce ya ji tsoron Allah ya zaɓi ɗaya. Har Bature ya taɓa yi, wai mutumin Suwidin ne da ya zo haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye. Aka shafe masa fuska da hoda, aka kifa masa malafa, yana Hausa ta hanci. Kwana biyu Iya tana fama da hodar nan a wuyan rigarsa tana mita.

A zamaninsu ba a rubuta wa mutum abin da zai faɗa. Darakta zai tara su a gindin bishiya ya ce, "Malam Lurwanu, kai ne uban yaron nan, an zo an gaya maka an kama shi da sata, ka yi abin da uba zai yi." Shi ke nan, sauran magana daga cikinsa za ta fito. Kayan sawa ma kowa da nasa yake zuwa. Akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da rawani da tsumma da kwat da layu na ƙarya, kuma Iya ce mai wankewa, ita ce mai ninkewa. Duk wannan ba ta taɓa hana shi ba. Takan ce aiki ne, ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane.

Abu ɗaya ne ya haɗa su faɗa, kuma a kansa suka yi shekaru suna yi.

Wani darakta ne, Allah Ya isa tsakanina da shi, ya gano cewa kakana ya fi kowa iya mutuwa. Kuma gaskiya ne, ya iya. Sai ya dafe ƙirji, ya miƙa hannu yana laluben bango, gwiwoyinsa su saki a hankali, hula ta faɗi gefe. Sannan ya kama kalmar shahada da numfashi guntu-guntu, ya tsaya a tsakiya har mai kallo ya riƙe nasa numfashin, kana ya ƙarasa. Farko-farko mata kuka suke yi a gaban talabijin. Daga nan fa kowane darakta ya ce shi ma sai an mutu masa. Alƙali da likita da attajiri duk suka tafi, aka bar shi da uban da zai faɗi kafin a kai rabin fim. Tun ana kuka har aka koma dariya. Da ya bayyana sai ka ji 'yan kallo suna cewa, "Wannan ba zai ga ƙarshe ba." Abin bai tsaya a fim ba. In ya fita unguwa sai samari su tare shi, "Baba, don Allah ɗan mutu mana mu gani!" A wurin ɗaurin aure, a rumfar mai shayi, a tashar mota. Shi kuma mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Sai ya dafe ƙirji ya zube a kan benci, a yi ta tafi, ya tashi yana kaɗe riga yana murmushi.

Ranar da labarin haka ya zo kunnen Iya, ba ta jira mun watse ba. Ta ajiye ludayi ta juya ta fuskance shi.

"Malam, ka yi sarki, ka yi ɓarawo, ka yi jaki ma in ka ga dama, ni zan wanke kayan. Amma ka daina mutuwar nan."

"Hajjaju, wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne."

"Abin da nake tsoro ke nan, kowa ya san wasa ne. Kai da likita ya ce jininka yana hawa? Kalmar shahada ka mayar abin nishaɗin 'yan shayi. Ranar ta gaske in ta same ka a waje, wa zai yarda da kai? Wa zai durƙusa ya laƙƙana maka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke za ki laƙƙana min mana, a kan gadona, kina yi kina faɗa."

"Allah Ya sa," in ji Iya. Ba ta yi dariya ba. Wannan ne kaɗai burinta a kansa, kuma ba ta ɓoye ba: in ajalinsa ya zo, a samu mai tallafe masa kai, mai tuna masa kalmar, mai jin ya faɗe ta da gaske.

Washegari da magariba ta zo mana da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba, kuma ta ɗaga murya yadda za ta kai bakin ƙofar ɗaki.

Wai a wani gari an yi wani marini mai suna Tanko. Mutane suna kawo masa riguna ya rina musu. Kafin mai riga ya zo karɓa, sai Tanko ya zura ta ya shiga kasuwa. In rigar mahauci ce, tafiyar mahauci da muryar mahauci sai su zo masa. In ta wanzami ce, sai ya zama wanzami har da yadda yake karkata kai. Gari ya so Tanko kamar me. Ana ba shi goro, ana ba shi fura, ana kiran sa gidan biki. Amma ranar da ya fito da tasa rigar, tsohuwa mai dabbaren baba, ba mai tambayar sa ya ya kwana. Sai dai a ce, "Tanko, yau kai wane ne?"

Rannan da safe ya je ɗiban ruwa da rigarsa ta kansa, santsi ya kwashe shi ya faɗa rijiya. Ya ƙwala ihu da muryar da uwarsa ta haife shi da ita. Mutane suka taru a bakin rijiya suka kasa kunne. Wani ya ce, "Wannan sarkin pawa yake yi." Wani ya ce, "Haba, ina! Ai mai unguwa ne ranar da kunama ta harbe shi." Gardama ta kaure har da rantsuwa. Akwai wata mata da ta zo da guga da igiya a hannu, ta ajiye su a ƙasa don ta samu hannun tafi. Suka leƙa suka ce, "Tanko, sake yi mu ji!" Ya sake ihu. Da muryar ta fara shaƙewa suka ce, "Ka ji ɗan banza, yanzu kuma ya koma tsohon ladan." Da ya yi shiru suka watse, suna cewa yau kam Tanko ya ƙure mu, ba wanda ya gane.

Nan Iya ta tsaya. Na ce, "Iya, sai aka yi yaya?"

"Sai aka yi me? Kowa ya tafi gida ya ci tuwonsa."

Daga kan tabarma Baba Malam ya ce, "Haba Hajjaju, ki fito da bawan Allahn nan daga rijiya mana, yara za su yi mugun mafarki."

"Ni na jefa shi?" in ji Iya, ta ci gaba da juya gyaɗa.

Ta sha maimaita mana tatsuniyar nan, musamman duk ranar da aka zo aka ce an ga Malam ya mutu a wurin sunan wane. Mun roƙe ta, mun yi mata alkawarin ba za mu ƙara satar gyaɗa ba, amma ko sau ɗaya ba ta fito da Tanko ba. Ni a lokacin haushinta nake ji. Ina ganin tsohuwa ce mai taurin kai da ba ta son mijinta ya yi suna. Ina son in ji an nuna ni a makaranta an ce ga jikar mai fim. Kai, ni ma da bakina na sha cewa, "Baba Malam, mutu mana," ya zube a tsakar gida in haye cikinsa ina dariya. Ba na cire kaina a cikin masu laifi.

Ina aji uku a sakandare abin ya faru. Wata Talata ce, bayan azahar. Ya ce wa Iya kansa yana sarawa, zai je Tarauni wurin wani mai kemis da ya saba auna masa jini. Ta ce ya bari rana ta yi sanyi, ya ce yanzu zai dawo. Ni ina makaranta. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin waɗanda suke wurin na tattara shi, guntu-guntu, cikin shekaru.

Bai kai kemis ɗin ba. A bakin titi, daidai inda masu kayan miya suke baza tumatir da attaruhu, ya tsaya ya dafe ƙirji. Ya miƙa hannu yana neman abin dafawa. Gwiwoyinsa suka saki, hularsa ta faɗi. Nan da nan wuri ya cika, masu adaidaita suka faka, 'yan kasuwa suka bar rumfuna. Aka fara dariya, aka fara tafi. Wasu suna ta waige-waige suna neman inda aka ɓoye kyamara, wani ya rantse ya hango ta a saman bene. Sai wani mai kaifin basira ya ce, "Ku ja baya, ku ja baya, kada ku shiga hoto!" Ka ji min mutane. Suka ja baya suka yi masa fili, suka kewaye shi. Wani dattijo ya ɗan matsa zai duba shi, aka janyo rigarsa aka ce kada ya ɓata wa mutane aiki. Kakana yana kwance a ƙasa, a cikin ruwan wankin tumatir, ya kama kalmar shahada. Da ya tsaya a tsakiya don numfashi ya ƙi zuwa, sai suka ce, "Yauwa, ga wurin nan ya zo!" Musulmi cike da titi, kowa ya san kalmar tun yana goye, ba wanda ya ƙarasa masa. Aka ɗaga wayoyi ana ɗauka.

Wadda ta kutsa cikin da'irar wata mata ce mai kwandon cefane. Sunanta Malama Rifkatu, malamar firamare, Kirista 'yar Filato, ba ta fi wata biyu da zuwa Kano ba. Ba ta kallon fina-finanmu, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ita abin da ta gani tsoho ne ya faɗi. Ta yar da kwandon ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta. Aka yi mata ca, "Ke, fita daga nan, fim ake yi!" Ta ce, "Wane irin fim? Ba ku ga gumin da yake yi ba? Ku taɓa hannunsa ku ji!" Ba wanda ya taɓa. Ta yi ta kiran a kawo mota, sai da ƙyar wani mai adaidaita, baƙo daga ƙauye da shi ma bai san shi ba, ya zo suka kinkime shi su biyu. Har suka tashi ana yi musu ihu ana buga bayan adaidaitar. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Jana'izarsa ta yi jama'a, wannan ba ƙarya. Lungunmu bai taɓa ganin mutane haka ba. 'Yan fim suka zo da manyan tabarau, daraktocin da suka yi ta kashe shi suka zo suna share hawaye. Ni dai ina kallon su ina jin kamar in ɗebo toka a murhu in watsa musu. Amma abin da ya fi ci min rai masu zuwa gaisuwa ne daga Tarauni. Sai mutum ya tsuguna a bakin ƙofar Iya, ya gama addu'a, sannan ya ƙara da cewa, "Hajiya, wallahi a gabana ya faɗi." Har da ɗan alfahari a muryar, kamar wanda ya ga shugaban ƙasa.

Iya tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, ba ta kuka. Duk wanda ya faɗi haka, tambaya ɗaya take yi masa.

"To kai ne ka laƙƙana masa?"

Sai mutum ya sunkuyar da kai ya kama sosa ƙeya. Wani mai tumatir, dattijo da furfurarsa, shi ne ya yi ƙarfin halin cewa, "Hajiya, mun ɗauka wasa ne. Ai shi ya saba mana."

Wai shi ya saba musu! Su da suke tare shi a hanya suna roƙo, su da ba su taɓa barin sa ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Na miƙe zan yi magana, Iya ta riƙe min zani. Ta ce wa mutumin, "Na gode, Allah Ya ba da lada." Kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ba rashinsa kaɗai ke cin ta ba. Gani take ya tafi shi kaɗai a tsakiyar taro, kuma ba ta san ko ya samu ya ƙarasa kalmar ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, wata baƙuwa ta yi sallama. Ta sha tambaya kafin ta gano gidan. Ta durƙusa a gaban Iya ta buɗe jaka ta fito da hularsa, ta wanke ta ta ninke.

"Mama, sannu da haƙuri. Ni ce na kai Baba asibiti. Sunana Rifkatu."

Iya ta karɓi hular. Sannan ta ce, "'Yar nan, matso kusa." Ta kama hannunta. "Ki gaya min gaskiya, kada ki ji tausayina. Ya yi kalmar shahada?"

"Ya yi, Mama. A ƙasa ya fara, numfashi ya yanke masa. Na yi ta kira wani ya zo ya taya shi, don ni ba addinina ba ne, ina tsoron kada in faɗa ba daidai ba. Ba wanda ya zo. Da muka shiga adaidaita sai ya sake kamawa daga farko. Direban yana tuƙi yana kuka yana faɗa da ƙarfi, Baba yana bin sa. Ya kai ƙarshe, Mama. Sau biyu ma."

"Da kunnenki kika ji?"

"Da kunnena. Kansa yana hannuna. Na ce masa, Baba, na ji ka, na ji ka. Ya dube ni, sannan ya rufe ido."

A nan ne Iya ta fashe da kuka, karo na farko tun da aka shigo da gawar. Ta rungume matar nan da ba ta taɓa gani ba, suka yi ta kuka tare. Da Malama Rifkatu za ta tafi, Iya ta cika mata kwano da ƙuli-ƙuli ta haɗa da kwalbar mai, ta ce in ta ƙi karɓa ba ta yafe ba. Daga ranar har Iya ta bar duniya, duk sallah sai an kai wa Rifkatu tuwo, duk Kirsimeti sai shinkafarta ta shigo gidanmu. Direban kuwa mun neme shi har mun gaji, ko sunansa ba mu samu ba.

Bayan ta fita takaba Iya ta koma suyar gyaɗarta, ƙananan jikoki suka koma kewaye murhu. Ta ci gaba da yi musu tatsuniyoyi, amma ta Tanko ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Wata rana wani ƙanena ya ce ta yi musu ta mai rijiya. Ta ce ta manta.

Na daɗe ina ɗauka cewa da kakana take a tatsuniyar nan, wato ya daina sa rigar mutane. Sai da na girma na lura cewa a duk labarin Iya ba ta taɓa zagin Tanko ba. Santsi ne ya kwashe shi, kuma santsi yana iya kwashe kowa. Inda take jan magana, inda muryarta take kaushi, wurin mutanen bakin rijiya ne, musamman matar da ta ajiye guga don ta yi tafi. Kakana bai cuci kowa ba. Shekara da shekaru yana ba garin nan abin da ya roƙa, ya sa su kuka, ya sa su dariya, ya zama duk wanda suka ce ya zama. Abin da ya nema a wurinsu sau ɗaya ne tak, mutum guda ya sunkuya ya taɓa hannunsa. Ko da wasan ne, don Allah me za ka rasa in ka sunkuya? Iyaka a yi maka dariya. Tsoron kada a ce ba su waye ba, kada a ce ba su gane fim ba, shi ya hana su. Shi ya sa ni yanzu in na ga taro a bakin titi nake sa mai adaidaita ya tsaya, in kutsa in ga ko wani ne a ƙasa. An sha ce min mai shisshigi, kuma ban damu ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Darmanawa. Watannin baya, lokacin tara, muna zaune a ofishin malamai, sai na ji abokiyar aikina Malama Jamila tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Ta miƙo min wayarta ta ce, "Safiya, don Allah kalli tsohon nan, 'yan da sun iya abu." Na karɓa. Hoton ya dushe, irin na tsofaffin wayoyi, an ɗora masa kiɗa da muryar dariya. Ga tumatir, ga attaruhu, ga ƙafafun mutane sun yi da'ira. Ga rigar da na san wadda ta goge ta da safiyar ranar.

Na ce, "Kakana ne. Wannan ba fim ba ne. Ranar da ya rasu ke nan, daga nan bai sake tashi ba."

Jamila ta dafe baki tana salati, tana ba ni haƙuri, ta ce wallahi turo mata aka yi, ta miƙo hannu za ta goge. Na ce ta dakata. Shekara da shekaru ina jin labarin abin da Malama Rifkatu ta yi, ban taɓa gani da idona ba, kuma ina so in ga lokacin da ta durƙusa. Na riƙe wayar da hannu biyu ina jira. Can sai ga gefen wani zani da gindin kwando sun shigo ta hannun dama. Daidai nan wanda ya gyara hoton ya yanke, don ita ta ɓata musu wasa. Hoton ya koma farko da kansa. Kakana ya sake dafe ƙirji, ya sake faɗuwa, aka sake yin dariya.